Babi na Bakwai: Ƙananan Kayan Aikin da Mai Gina Shafi Ke Ɗora wa Burauza

A babin da ya wuce kun rubuta shafinku na farko, kun buɗe shi a Chrome, sunan shagonku ya fito. Sannunku da ƙoƙari, musamman masu tasowa daga kasuwar Mile 12 da Idi-Araba, su sha cunkoson mota kafin su iso aji nan Agege bayan magariba. Yanzu za mu ɗora wa burauza wasu 'yan manhajoji da ake kira ekstenshan. Burauza ita ce manhajar da kuke buɗe shafukan intanet da ita. Ekstenshan kuma ƙaramar manhaja ce da ke zama a cikin burauzar, tana ƙara mata wani aikin da ba ta zo da shi ba. Bayani ya isa haka, sauran a hannu ake koyonsa.

Ku zo da kwamfuta, ba waya ba. Chrome na waya ba ya karɓar ekstenshan, kada wani ya kwana yana neman maɓallin da babu shi. Ku cika caji tun da rana idan an kawo wuta. Data kaɗan ta isa, waɗannan kayan ba su da nauyi.

Darasi na 1: Ɗorawa da Fito da Alama

Buɗe Chrome. Dubi can sama, akwai dogon fili inda ake rubuta adireshi. Kai kibiyar linzami wurin, ka danna sau ɗaya da maɓallin hagu. Rubuta wannan da ƙananan baƙaƙe, ba tare da barin fili a tsakani ba: chromewebstore.google.com. Ɗigo biyu ne a ciki, ka ƙirga su. Sai ka danna Enter, babban maɓallin nan na gefen dama.

Shafin da ya buɗe shi ne rumbun ekstenshan na Google, wanda aka buɗe tun 2010. A samansa akwai wani filin bincike, daban da na adireshi. A cikinsa za ka rubuta ColorZilla, ekstenshan mai gano lambar launi, ka danna Enter. Danna sunan idan ya fito. A dama za ka ga shuɗin maɓalli an rubuta “Add to Chrome”. Danna shi. Ƙaramin akwati zai sauko yana tambayarka, ka danna “Add extension”. Ka jira kaɗan, kada ka sake dannawa.

To, nan ne wurin da kusan kowa ke faɗuwa, don haka ku bi ni a hankali.

Ekstenshan ɗin ya shiga, amma ba za ka gan shi ba. Chrome ɓoye shi yake yi. Ba kwamfutarka ce ta lalace ba, ba kuma datarka ce ta ƙare ba. Dubi sama ta dama, daidai inda filin adireshi ya ƙare. Akwai wata 'yar alama mai launin toka, siffar gutsuren wasan haɗa hoto na yara, mai kunnuwa a gefe. Daga yau sunanta gutsure a ajinmu. Danna gutsure. Jeri zai sauko, za ka ga ColorZilla a ciki. A gaban sunan akwai hoton fil, irin wanda ake kafe takarda da shi a allo. Danna fil ɗin sau ɗaya, zai koma shuɗi. Ɗaga ido sama yanzu: alamar ColorZilla ta fito kusa da gutsure, kuma nan za ta zauna.

Saura abu ɗaya. Shafin da yake buɗe tun kafin ka ɗora ekstenshan bai san da zuwansa ba. Sai ka sabunta shi. Koma kan shafin shagonka ko wani shafin labarai, ka danna F5, yana layin maɓallai na sama. Idan F5 ta ƙi, riƙe Ctrl ka danna R.

Abu uku ke nan: gutsure, fil, F5.

Mu sake. Ka danna “Add extension”, ka duba sama, ba ka ga komai ba. Me za ka yi? Ba za ka koma rumbu ka sake ɗorawa ba. Ba za ka kashe kwamfuta ba. Ba kuma za ka saka ta a jaka ka nufi Computer Village da ke Ikeja gobe da safe, a karɓi kuɗinka a kan abin da bai lalace ba. Gutsure za ka danna, sannan fil, sannan F5. Faɗe shi da baki, ba abin kunya ba ne. Baba da ke zama a layin gaba sai da ya rubuta kalmomin uku a takarda ya liƙa a jikin kwamfutarsa, yanzu shi ke nuna wa samari. Ke ma Hajiya, idan fil ɗin ya yi miki ƙanƙanta, matso da fuska kusa, ki kai kibiyar a hankali har ta hau kansa kafin ki danna. Idan kika danna sau biyu, kin kafe kin kuma cire, alamar za ta sake ɓacewa. Sau ɗaya tak. Ya koma shuɗi? Shi ke nan, ɗauke hannu.

A kula kuma: ekstenshan ba ya aiki a kan shafin rumbun kansa, haka ma a sabon shafi da babu komai a ciki. Google ne ya hana. Wanda ya gwada a can ya ga shiru, ya koma shafin gaske ya danna F5.

Aiki: cire fil ɗin da gangan, alamar ta ɓace, ka dawo da ita. Yi haka har hannunka ya saba, sannan ka nuna wa na kusa da kai.

Darasi na 2: Karanta Akwatin Kafin Ka Danna

Akwatin nan da ya sauko kafin “Add extension” ba ado ba ne. Izini ake nema a wurinka. Sau da yawa abin da ke rubuce shi ne ekstenshan ɗin zai iya karantawa da canza duk abin da ke shafukan da kake buɗewa. Duk, har shafin bankinka, har imel ɗinka. Kayan aikin masu gina shafi suna bukatar wannan izinin, don ba za su auna launi ko rubutu ba sai sun ga shafin. Amma wanda ya ba da shi tamkar ya miƙa makullin shagonsa ne, kuma ba kowane mai sallama ake miƙa wa makulli ba.

Saboda haka kafin ka ɗora, duba sunan wanda ya yi shi, duba yawan masu amfani da shi, duba rubutun sunan harafi bayan harafi, domin akwai na jabu masu kama da na gaske. Daga rumbu kaɗai ake ɗorawa. Wanda wani ya turo maka a WhatsApp, ko wanda wani shafi ya ce sai ka ɗora kafin ka kalli ƙwallo kyauta, bar shi.

Ko na gaskiyar ma yakan samu matsala. A watan Agusta na 2017 'yan damfara sun yaudari mai ekstenshan ɗin Web Developer da saƙon imel, suka shiga asusunsa, suka tura gurɓataccen kwafi ga masu amfani da shi, kafin ya ankara ya gyara. A 2021 kuma Google ya cire The Great Suspender daga rumbu bayan ya koma hannun wani sabon mai shi, aka samu mugun abu a ciki. Abin da wannan ke nufi gare ku shi ne kada ku tara abin da ba ku amfani da shi.

A nan dole in yi faɗa. Nakan buɗe kwamfutar ɗalibi in tarar da alamomi sun yi jere sun cinye rabin filin adireshi, in tambaye shi aikin ko ɗaya, ya yi shiru. Sannan ya ce kwamfutarsa tana jan ƙafa. Yaya ba za ta ja ƙafa ba? Yawancinku tokumbo, wato ta hannu, kuka saya mai ƙwaƙwalwar 4GB, kowane ekstenshan kuwa yana cin rabonsa. Kuma na san dalilin tarin. Mutum ya ɗora ɗaya, bai ga alama ba, ya ce bai shiga ba, ya nemo wani, shi ma bai gani ba, ya ƙara wani. Duk don ƙin danna gutsure. Haba jama'a. Gutsure, fil, F5, sau nawa za a faɗa?

Ga yadda ake share su. Rubuta chrome://extensions a filin adireshi, ka danna Enter. Duk abin da ka taɓa ɗorawa zai fito, har waɗanda ka manta. Wanda ba ka san aikinsa ba, danna “Remove”. Wanda kake bukata jefi-jefi, kashe shi da ɗan makunnin da ke ƙasansa ta dama, ranar bukata ka kunna. Mai son ganin wanda ya fi cin ƙwaƙwalwa ya riƙe Shift ya danna Esc.

Darasi na 3: Launi da Salon Rubutu

Mai shago zai ce maka yana son kore irin na shafin wane. Kore iri-iri ne, ido ba ya iya riƙe shi. Buɗe shafin, danna alamar ColorZilla, zaɓi “Pick Color From Page”. Kibiya za ta canza siffa. Kai ta kan launin ka danna. An kwafe maka lambarsa ke nan, alamar # da haruffa ko lambobi shida a bayanta. Fari shi ne #FFFFFF, baƙi #000000, ja #FF0000. Koma fayil ɗinka na CSS, riƙe Ctrl ka danna V. Kada ka goge alamar #, idan babu ita launin ba zai fito ba.

Na biyu shi ne WhatFont. Ɗora shi yadda muka koya. Ba ka ga alamarsa ba? Ka san abin yi. Bayan F5, danna alamar, ka kai kibiya kan kowane rubutu, sunan salon zai bayyana. Idan ka danna rubutun zai ƙara maka girmansa da launinsa. Esc ke fitar da kai.

Wannan ya fi mana amfani fiye da masu gina shafin Turanci. Ba kowane salon rubutu ke da ɓ da ɗ da ƙ ba. Idan salon ba shi da su, burauza takan aro harafin daga wani salo, sai ka ga “ƙofa” ƙ ɗinta ta fi sauran kauri ko ta karkace, wani lokaci ma akwati ne zai fito a gurbinta. Buɗe shafin labaran Hausa da haruffansa suka fito daidai, ka duba salon da suka sa. Noto Sans na Google yana da haruffanmu, kuma kyauta ne. Idan kuwa wasu baƙin alamomi ne ke fitowa a madadin harafin, duba saman fayil ɗin HTML ko ka manta layin UTF-8 na babi na uku.

Darasi na 4: Wappalyzer da Web Developer

Wappalyzer yana gaya maka da me aka gina shafi. Buɗe shafin, danna alamar, karanta jerin. Sau da yawa WordPress, wata manhajar gina shafi, za ka gani, don sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya da shi aka yi su. Idan wani ya kawo maka gyaran tsohon shafinsa, duba wannan kafin ka yanke masa kuɗi.

Web Developer alamarsa ƙaramar giya ce irin ta inji. Abubuwan cikinsa suna da yawa, biyu za ku riƙe. A ƙarƙashin CSS akwai “Disable All Styles”, yana tuɓe wa shafi ado ka ga ainihin tsarinsa. A ƙarƙashin Images akwai “Display Alt Attributes”, yana nuna bayanin da aka rubuta wa hotuna, ka gane waɗanda ba su da shi. Makafi da manhajar karatu suke bin shafi, wannan bayanin ake karanta musu. F5 ke mayar da shafin yadda yake.

Darasi na 5: Lighthouse

Wannan yana auna saurin shafi da ingancinsa, kuma ba sai an ɗora ba, yana cikin Chrome. Danna F12, a wasu kwamfutocin sai an haɗa da Fn. Nemi Lighthouse a layin sama, zaɓi Mobile, ka danna maɓallin bincike. Zai ba da maki daga 0 zuwa 100: ƙasa da 50 ja, daga 90 kore. Abokan cinikinku da waya suke shiga, da data mai tsada. Idan maki ya yi ja, fara rage nauyin hotuna. Shafin ya zama wanda aka riga aka ɗora a intanet, kuma a yi gwajin a tagar sirri, Ctrl da Shift da N, don kada ekstenshan su ɓata makin.

Darasi na 6: Saura

JSON Formatter yana jera bayanai su karantu. React Developer Tools na masu React ne, ba mu kai can ba. Masu burauzar Firefox rumbunsu addons.mozilla.org. Burauzar Edge tana karɓar ekstenshan na Chrome.

Aikin gida: ɗora WhatFont da Wappalyzer, ka rubuto salon rubutun shafuka uku da abin da aka gina su da shi. Zan duba saman burauzar kowa a ƙofa ranar Asabar. Wanda alamominsa ba su fito ba zai koma darasi na 1.