Darasi na Bakwai: Madobiya da Gizo-gizon Guti

Masana suna raba halittu gida-gida, kamar yadda mutum yake da dangi da zuriya. Yau za mu ɗauki biyu mu gwada.

Ta farko madobiya ce. Itaciya ce mai fure, a ɓangaren tsirrai. Danginta su ne wake da gyaɗa da ɗorawa, don duk 'ya'yansu a cikin kwanso suke. Da rani, bayan ta zubar da ganye, sai ka ga ta yi fure rawaya fal. Makiyaya kan sare rassanta su ba shanu idan ciyawa ta ƙare. Idan aka sare ta, jan ruwa take fitarwa kamar jini. 'Yan katako a Taraba suna ce mata "madrid", kuma an yi ta lodinta a tirela ana kai wa ƙasar Sin don yin kujeru da gadaje.

Na biyu wani babban gizo-gizo ne mai gashi, irin da ake kira tarantula. Shuɗi ne shar, yana zama cikin kogon manyan itatuwa a jihar Andira Faradesh ta Indiya. An fara bayyana shi a 1899, aka sa masa sunan garin Guti. Kada ka ce ƙwaro ne irin fara ko tururuwa. Su ƙafa 6 gare su, shi 8. 'Yan'uwansa kunama da kaska.

Akwai ƙungiyar duniya mai suna IUCN da ke jera halittu bisa haɗarin ƙarewa. Ta sa madobiya a matakin "cikin haɗari". Gizo-gizon kuwa yana mataki na gaba, "haɗari mai tsanani", dab da ɓacewa daga daji. Dalili? Madobiya tana nan daga Senegal har Kamaru. Shi kuma dajinsa bai kai murabba'in kilomita 100 ba, ga masu sarar itace, ga masu kama shi su sayar wa masu kiwonsa a gida. Gatari ɗaya ke cin su duka, amma shi ba shi da wurin gudu.

Aiki: Rubuta sunan itace ɗaya da ya yi ƙaranci a garinku. Tambayi wani dattijo yaushe ya fara raguwa, ka kawo amsar aji ranar darasi na gaba.