Yadda ake aiki da na'urar gano gas ta hannu

Wannan 'yar na'urar da ake maƙalawa a riga, yawancinta abu huɗu take aunawa, oksijin, gas mai kama wuta, sai masu guba guda biyu wato H2S (haidirojin salfaid, gas ɗin da ruɓewar ƙazanta ke fitarwa) da CO (kabon monoksaid, wanda ke cikin hayaƙin janareta da mota). To abun da mutane da yawa basa ganewa shine, wai dan ta kunnu tayi ƙara ba shine tana aiki ba.

Da farko ka kunnata a waje inda iska take da tsafta, nesa da janareta ko salansar mota, ka ɗan jira ta gama duba kanta. Oksijin ya nuna 20.9, sauran ukun sifili. In ka saita mata sifili a cikin hayaƙi ka cuci kanka, dan daga nan hayaƙin zata ɗauka a matsayin iska mai kyau. Ka duba caji, ka duba ramukan sensa, wato ƙananan sassan da ke jin gas ɗin, ko laka ta toshe su.

Sai gwajin da ake cewa bom tes, kuma nan ne ake yawan ha'inci. Akwai ƙaramin silinda na gas ɗin gwaji, ka duba ranar da zai lalace, ka jona tiyo ka buɗe, ka tabbatar kowace sensa ta motsa, ƙara ta tashi, fitila tayi walƙiya, jikinta ya girgiza. Abun minti ɗaya ne ko biyu amma zakaga mutum ya tsallake wai ai jiya ma lafiya ƙalau take, alhali sensar gas mai kama wuta tana iya mutuwa shiru in ta shaƙi irin silikon ɗin dake cikin wasu man gogewa da na feshi, ta cigaba da nuna maka sifili kai kuma hankalinka kwance. Kullum kafin aiki ake yin wannan gwajin. In ta faɗi gwajin a sake mata saiti, in taƙi a ajiyeta.

Ka maƙalata a ƙirji kusa da hanci, ba a bel ta baya ba, ba cikin aljihu ba.

In tanki ne ko rijiya ko wani rami za'a shiga, kar ka leƙa da kai. Daga waje ake aunawa, ka zura tiyo mai famfo, oksijin zaka fara dubawa saboda sensar wutar sai da isasshen oksijin take faɗin gaskiya, sannan mai kama wuta, sannan masu guba. Ka auna sama, tsakiya da can ƙasa, kana tsayawa kamar minti 2 a kowane mataki, in tiyon doguwa ce ka ƙara lokacin. Dalili kuwa metan, wanda gas ne mai kama wuta, sama yake tashi, H2S yafi iska nauyi ƙasa yake kwanciya, CO kuma gauraya yake da iska ko'ina.

Lambobin fa? Yawanci tana kuka in oksijin ya sauka zuwa 19.5 ko ya haura 23.5, mai kama wuta kuma a kashi 10 na LEL, wato kashi goma cikin ɗari na adadin da yake fara kama wuta. H2S sau da yawa 10 ppm ne (ppm wato kashi nawa cikin miliyan na iska), CO 35 ppm, amma ka duba taka dan kowane wurin aiki da nasa saitin.

Kuma dan Allah kar ka yarda da hancinka. CO bashi da wari sam, H2S kuwa warin ruɓaɓɓen ƙwai yake, amma in yayi yawa kashe jin warin yake sai ka ɗauka ya tafi.

Tana yin ƙara ka fita, ba tsayawa danna maɓalli ba, ka nufi inda iska take fitowa ka sanar da sauran. In wani ya faɗi a ciki kar ka faɗa ɗauko shi ba tare da na'urar numfashi ba, ka kira masu ceto. Ba'a komawa sai an hura iska an sake aunawa tun daga sama.