Miyar sosej da kayan lambu mai riƙe ciki: yadda nake haɗa ta

Wannan miya ce ta sha da cokali, mai romo amma cike da abin tauna, irin wadda kwano ɗaya da yankan burodi ke ƙosar da babban mutum. Ina son ta ne saboda rabin kilon sosej yana isar mutum shida ba tare da wani ya ji an yi masa rowar nama ba. Kuma duk daɗinta a cikin minti 20 na farko ake samar da shi, tun kafin ruwa ya shiga tukunya. Wanda ya zuba komai cikin ruwa lokaci guda ya bar shi ya tafasa zai sami abinci dai, amma salam zai ji shi.

Uwargida, ga abin da za ki tanada: sosej giram 500, albasa manya biyu, karas uku, seleri (wani kayan lambu mai dogayen sanduna da ƙamshi) sanda biyu in kina da shi, tafarnuwa ƙwaya huɗu, dankalin turawa huɗu matsakaita, kwatan kabeji, koren wake cikin hannu, tumatir uku, tumatirin gwangwani cokali biyu, dafaffen farin wake kofi ɗaya, alayyahu kaɗan, romon kaza ko na nama lita ɗaya da rabi, sai tayim, masoro, man girki cokali ɗaya da lemon tsami rabi.

Sosej iri biyu za ki tarar. Akwai ɗanye, wanda niƙaƙƙen nama ne da kayan ƙamshi a cikin fata, akwai kuma dafaffe ko kyafaffe. Ni ɗanyen na fi so a wannan miya, domin yana sakin maiƙonsa da ƙamshinsa cikin romo. Kyafaffen shi ma yana yi, yana ba da ƙamshin hayaƙi, kuma ya fi saurin aiki. Ki karanta rubutun jikin ledar kafin ki saya. Ki duba naman mene ne, ki kuma duba fatar da aka cusa shi ciki, don wani lokaci naman na sa ne ko na kaza, fatar kuwa ta hanjin wata dabba ce dabam. Haka nan in kin ga gari ko sitaci a sahun farko na kayan haɗin, ki ajiye ki ɗauki wani, don irinsa narkewa yake yi a ruwa.

Ki ɗora tukunya mai kaurin gindi, ki zuba man, ki bari ya yi zafi sosai. In ɗanyen sosej ne, ki tsaga fatar ki fitar da naman ki gutsuttsura shi daidai loma. In kyafaffe ne ki yanka shi. Ki jera a tukunyar kada su hau kan juna, sannan ki janye hannunki. Nan ne mutane da yawa ke gaggawa. Ki bar shi minti uku ko huɗu ba juyawa, har gefen da ke ƙasa ya yi ja mai duhu, sannan ki juya. In tukunyar ƙarama ce ki soya shi kashi biyu. Dalili shi ne, in kika cika ta, ruwan jikin naman zai taru, shi kuwa ruwa ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Celsius, alhali wannan jan da muke nema sai zafi ya kai wajen digiri 140 yake samuwa da kyau. Sai ki ga naman ya yi fari-fari kamar an sulala shi, ƙamshin suya kuwa babu.

Da kin kwashe sosej ɗin za ki ga wani ɗan ƙanzo mai ruwan ƙasa ya manne a gindin tukunyar. Kada ki wanke, kada ki canza tukunya. Wannan ƙanzon shi ne ɗanɗanon miyar. Abin lura kawai shi ne kada ya yi baƙi, don in ya ƙone ɗaci zai bi romon gaba ɗaya. In maiƙon ya yi yawa ki rage, ki bar kamar cokali biyu.

Ki rage wuta, ki zuba yankakkiyar albasa da karas da seleri a cikin maiƙon. Ki ba su minti takwas zuwa goma kina juyawa jefi-jefi, har albasar ta yi laushi ta fara zaƙi. Ruwan da suke fitarwa zai soma saki ƙanzon. Tafarnuwa sai a ƙarshe, minti ɗaya ya ishe ta, don saurin ƙuna gare ta. Sai ki matsar da kayan gefe, ki sa tumatirin gwangwani a tsakiya ya taɓa ƙarfen tukunyar, ki soya shi minti biyu har jansa ya yi duhu, tsaminsa ya mutu. Yanzu ki zuba kofi ɗaya na romo, ki sa cokalin katako ki kankare gindin tas, sannan ki juye sauran romon, ki sa tayim da masoro.

Gishiri tukuna. Sosej da kansa gishiri ne da shi mai yawa, yawanci kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, kuma yana sakin sa a hankali yayin da miyar ke dahuwa. In romonki ma da sinadarin ɗanɗano kika haɗa shi, to gishiri ya shigo ta hanya biyu ke nan. Ki bari sai ƙarshe ki ɗanɗana.

Kayan lambun ba tare suke shiga ba, kowanne da lokacinsa. Dankali ne farko, a yanka shi daidai cokali, ya dahu minti 10 zuwa 12 a wuta kaɗan, yana ɗan tafasa a hankali. Ina jinkirta ɗanyen tumatir har dankalin ya kusa nuna, domin tsami yana hana dankali da wake yin laushi da wuri. Bayan nan sai tumatir, kabeji, koren wake da sosej ɗin, har da ruwan da ya tsatso a farantin da kika ajiye shi. Minti goma kuma. Farin wake tunda dafaffe ne, ɗumi kawai yake bukata. In busasshe gare ki, ki dafa shi dabam tun da wuri.

Ba na sa gari don miyar ta yi kauri. Ina ɗibar dankali da wake kamar ludayi ɗaya, in murƙushe su da bayan cokali, in mayar. Romon zai yi jiki ba tare da ya yi nauyi ba. Alayyahu ya shiga minti biyu kafin a sauke. Ki tsaga gutsure mafi girma na sosej ki tabbatar cikinsa ya nuna. Mai ma'aunin zafin abinci ta nemi digiri 71 ga na jan nama, 74 ga na kaza. Ki kashe wuta, ki matsa lemon tsami, ki ɗanɗana, sai a lokacin ki ƙara gishiri in da bukata. Sau da yawa miyar da ake jin kamar gishiri ta rasa, ɗan tsamin nan ne ya yi mata ƙaranci. Ki rufe ta minti goma kafin ki zuba.

Tunda abincin gida ne, akwai yara a lissafi. Barkono ina ajiye shi a gefe, mai so ya barbaɗa a kwanonsa. Ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa, don Allah kada a ba su sosej yankan zagaye, don girmansa daidai yake da maƙogwaronsu, yana iya shaƙe su. A tsaga shi a tsaye, sannan a yanka ƙanana. In kina son ƙara makaroni don miyar ta yi auki, ki dafa shi dabam ki riƙa zubawa a kwano. In ya kwana a cikinta zai shanye romon ya kumbura.

Ragowar ma tana da daɗi, washegari har ta fi, domin kayan sun gama shiga juna. Sai dai kada ta wuce awa biyu a waje. Ki raba ta a ƙananan robobi marasa zurfi don ta yi saurin hucewa, ki sa a firij, za ta yi kwana uku zuwa huɗu. In daskarar da ita za ki yi, ki sani dankali yana yin tsaki-tsaki bayan ya narke, don haka wadda za ki adana ki yi ta da wake zalla, ki dafa sabon dankali ranar ci. Wajen ɗumamawa ki ɗebi iya wadda za a sha, ki ƙara ruwa kaɗan don za ki tarar ta yi kauri, ki bar ta ta tafasa sosai kafin ki sauke.