Darasi na 9: Ɗinkin lokacin kulle da ba a ƙarasa ba

Assalamu alaikum iyayena da yayyena 'yan aji. Darasin yau na aikin hannu ne amma akwai lissafi da rubutu a ciki, don haka kowacce ta ajiye biro da littafinta kusa da allura.

Kun dai tuna 2020. A watan Maris aka rufe makarantu saboda korona, ranar 30 ga watan aka kulle Legas da Abuja, Kano kuma nata kullen ya fara ranar 16 ga Afrilu, ga azumi ya kama a ciki, Kantin Kwari a rufe, sai daga baya aka ware Litinin da Alhamis a fita cefane na 'yan awoyi, kuma wa zai ɓata awoyin nan wajen neman zare alhali babu gero a gida. To a zaman nan mata da yawa suka ɗauko aikin hannu don rage zaman banza, wata saƙa da kwarashi, wata surfani a zanin gado, wata ɗinkin hula, wata ta karɓo ƙyallaye wajen tela maƙwabci ta ce za ta haɗa bargo. Ba mu kaɗai ba, a Amurka da Ingila ma haka aka yi ta yi, har keken ɗinki da robar takunkumi suka yi wuyar samu a shaguna. Sai zare ya ƙare a tsakiyar aiki, ko yara suka hana sakat tunda babu makaranta, ko aka koma ɗinkin takunkumi tunda shi ke kawo kuɗi a lokacin, da aka buɗe gari kuma biki da suna da sana'a suka dawo, aiki ya shige jakar bakko a ƙasan gado har yau.

Ki zazzage jakar

Ki shimfiɗa tabarma da rana inda akwai haske ki zazzage komai. Abu na farko ki duba allura, domin yawancinmu a jikin yadin muke soke ta mu tafi, idan damina ta ratsa sai ta yi tsatsa ta bar jan tabo. Idan farin yadi ne na auduga ki matsa lemon tsami a wurin ki barbaɗa gishiri ki shanya a rana sannan ki wanke, yakan fita ko ya dusashe, amma a atamfa mai kala ki fara gwadawa a gefe don lemon yana iya cin kalar. Ki shinshina ko ya yi fumfuna, ki ja yadin kaɗan da hannu biyu, in ya yage ba wahala to ya mutu, kada ki ƙara masa ko ɗinki ɗaya.

Sai ki yanke wa kowane aiki hukunci. Wanda ya wuce rabi kuma kina da kayan ƙarasa shi, a ƙarasa. Wanda kika ɗauko da girma fiye da ƙarfinki, a rage shi, zanin gadon da aka yi wa fure a kusurwa ɗaya tak ai rigar filo ce mai kyau in an yanka. Wanda kuma ko kallonsa ba kya so, ki warware ulun ki naɗe, ko ki ba wata a ajin nan da take so, babu laifi a ciki. Ni a ganina ragewar nan ita ta fi yi wa yawancinku amfani, saboda abin da ya kashe ayyukan kulle tun farko shi ne buri, mutum bai taɓa haɗa ƙyalle biyu ba ya ce bargon gado shida-da-shida zai fara da shi.

Hula da saƙa ba za mu daɗe a kansu ba yau. Hular rigar suna da kika fara wa jariri a 2020, mai ita ya shiga firamare, ki ƙarasa ki ajiye wa wani.

Bargon ƙyallaye

Bargon nan hawa uku ne, fuska wadda aka haɗa da ƙyallaye, ciki mai ɗan kauri, da baya, sai a bi su da ɗinki a game su wuri ɗaya. Duk wadda ta taɓa ganin 'yan lifidi a hawan Sallah ta ga irin aikin, yadi ne sama da ƙasa da audugar rimi a tsakiya aka ɗinke layi-layi don ya kare doki da mahayinsa. A Bangaladash da yankin Bengal na Indiya mata suna jera tsofaffin zannuwansu su bi da ƙananan ɗinki, suna kiransa kantha. A wani ƙauye na baƙaƙen fata mai suna Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka kuwa, da tsofaffin kayan aikin gona matan suke haɗa nasu don maganin sanyi, a 2002 aka baje su a gidan adana kayan fasaha a birnin Houston, a 2006 har aka buga hotunansu a jikin kan sarki na gidan waya. Layukansu ma ba duka ne a miƙe ba, don haka wadda nata ya ɗan karkace ta kwantar da hankali.

Mu na jariri za mu yi, faɗi inci 30 tsawo inci 40. Ki samu kwali mai ƙarfi, na taliya ma ya yi, ki auna da tef ki yanka shi inci 6 ta kowane gefe, shi ne ma'auninki. Ki ɗora a bayan ƙyalle ki zagaye da alli ko fensir ki yanka. Ɗinki zai ci rabin inci ta kowane gefe, wato hagu rabi dama rabi, an ci inci 1, saura inci 5 ke nan zai fito a fuska. Yanzu lissafi, 30 a raba da 5 ya ba da 6, 40 a raba da 5 ya ba da 8, wato ƙyalle 6 a kowane layi, layi 8, 6 sau 8 kuma 48. Ki ƙirga waɗanda kika yanka tun lokacin kulle. In 16 kika samu kuma babu ƙari, ki jera 4 sau 4 ki samu inci 20 da 20, rigar filon kujera ta fito, da babu gara ba daɗi.

Kafin ki yanka sabon ƙyalle ki wanke shi ki goge, saboda atamfa tana ɗan tsukewa a wankin farko wata kuma tana zuba, in kika haɗa wankakke da marar wanki ranar da aka wanke bargon zai tattare, ja ya shiga fari. Kuma ki haɗa jinsi ɗaya, atamfa da atamfa. Yadi mai roba da leshi da mayafi mai santsi ki cire su gefe ko da sun fi kyau, suna miƙewa su ja na kusa da su.

Ki jera 48 ɗin a ƙasa ki yi ta canza musu wuri har idonki ya gamsu, mai duhu kusa da mai haske ya fi fitowa, in kina da waya ki ɗauki hoto don in yara suka bi ta kai ki san yadda suke. Ki ɗauki biyu ki haɗa su fuska da fuska ki ɗinke a kan layin rabin inci, da keke ko da hannu, in da hannu ne ƙananan ɗinki a jere kuma duk bayan huɗu ko biyar ki koma baya sau ɗaya don ya riƙe. Haka har layi ya cika 6. Wajen guga akwai dabara, layi na 1 ki kwantar da bakin ɗinkin zuwa dama, na 2 zuwa hagu, na 3 dama, to in kika zo haɗa layi da layi sai mahaɗar su shige juna su zauna daidai ba tare da wani tudu ba. Ki sa fil a kowace mahaɗa kafin ki ɗinka. Nan ne mutane suke gaggawa, nan ne kuma kusurwoyi suke saɓawa.

Baya ba ya buƙatar haɗi. Yadi 1 inci 36 ne, faɗin atamfa kuma wajen inci 45, kin ga yadi 1 ya rufe 30 da 40 har da rara. Ciki kuwa tsohon bargo marar nauyi ko tsohon zani ninki biyu, a wanke tas. Kada ki zuba auduga sako-sako, in an wanke dunƙulewa take yi a kusurwa. Ki shimfiɗa baya fuskarsa na kallon ƙasa, ki ɗora ciki, ki ɗora fuska tana kallon sama, ki shafe da hannu daga tsakiya zuwa gefe har babu tattara, sannan ki riƙe su da manyan ɗinki na wucin gadi da zaren da kalarsa ta fita daban don ki gane shi wajen cirewa. Ɗinkin gaske ma daga tsakiya ake farawa a nufi baki, allura ta shiga ta ratsa hawa ukun ta fito, ki riƙa leƙa baya kina tabbatarwa ta kama. Tazarar layi da layi kada ta wuce faɗin tafin hannu. In kin gama ki rage ciki daidai da fuska, ki bar baya ya fi su da inci 2, ki ninka shi sau biyu ya hau kan fuska ki kalmashe zagaye.

Tunda na jariri ne, ban da maɓalli ban da duwatsun ado, kuma shimfiɗa ce ko abin rufa ƙafa, ba a rufa wa jinjiri abu mai kauri har fuska.

Ɗinkin gicciye

Wannan shi ne wanda kowane ɗinki yake fitowa kamar harafin X, ana yin sa a yadi mai ramuka a jere, wanda aka fi samu ramuka 14 ne a inci 1, wato ɗinki 70 zai ba ki inci 5. Wasu da buhu da ulu suke koyo kuma yana yi. Matan Falasɗinu sun shahara da shi a gaban rigunansu, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan gadon al'adun duniya a 2021.

Wahalarsa in an daɗe ba a taɓa ba ita ce gane inda aka tsaya, domin aikin ƙirga ne. Ki ɗauko takardar zanen da kike bi, in ta ɓata ki samu takarda mai gida-gida ta littafin lissafi ki kwafe ɓangaren da kika riga kika yi, gida ɗaya ɗinki ɗaya, in fure ne mai ɓari biyu iri ɗaya sai ki juya ki cike ɗayan. Duk layin da kika gama ki soke shi da biro. Ki duba tsohon aikinki ki ga wane zare ne a sama, mai karkata dama ko hagu, ki ci gaba a haka, in kika sauya sai wurin ya yi wani haske daban ko daga nesa ana gani. Tsawon zare kamu ɗaya ya isa, daga yatsa zuwa gwiwar hannu, in ya fi haka sarƙewa yake yi. Ba a ƙulli, ta baya ake cusa bakin zaren ƙarƙashin ɗinki uku ko huɗu.

Zaren da ya ƙare fa, ki yanki guntunsa ki tafi da shi kasuwa, kada ki dogara da ido ko hoton waya, in takardar jikinsa mai lamba tana nan ki rubuta lambar. Ko lamba ɗaya ce sabo yakan ɗan bambanta da wanda ya shekara biyar a jaka, to kada ki haɗa su a tsakiyar ganye ɗaya, ki bari sai kin shiga sabon ganye.

Aikin gida

Ki rubuta a littafinki sunan kowane aiki da kika samu a jaka, a gabansa ki sa ɗaya daga cikin kalmomin nan, ƙarasa, rage, warware. Sannan ki amsa wannan, in kina son shimfiɗa mai faɗi inci 25 tsawo inci 35, ƙyalle nawa za ki yanka da kwalinki mai inci 6? Wadda take da niyyar sayarwa ta ƙara rubuta kuɗin zare da na yadin baya da kwanakin da aikin ya ci, za mu yi lissafin farashi tare. Mako mai zuwa kowacce ta zo da aiki ɗaya tak, da almakashi da tef, wadda ba ta da ƙyallaye ta roƙi telan unguwarsu tun yau kafin ya share shago.