Idan jami'an shige da fice sun kama ɗan uwanku a Akra ko Kumasi

A watan Mayun 2025 jami'an Hukumar Shige da Fice ta Gana sun yi samame da asuba a Akra, a wajajen Sabon Zango da Nima da Abossey Okai, suka kwashe fiye da mutum 2,000 da ke bara a titi. Mafi yawansu 'yan Nijar ne, yara sun fi manya yawa, kuma cikin 'yan kwanaki aka fara loda su a mota zuwa gida. Tsofaffin Zango kuwa ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda sati biyu ya bar ƙasar, mutane suka karyar da gidaje da shaguna. Saboda haka idan aka ce imigireshan sun tafi da wani, hankalin gida yakan tashi, a fara tara kuɗi ba a ma san wa za a ba. Kuɗin nan shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a yi tunani. Abin da ke ceton mutum a kwana biyun farko takarda ce da sanin a kan wane dalili aka riƙe shi.

Ku fara da gano inda yake da wanda ke riƙe da shi. 'Yan sanda daban, imigireshan daban, ko da yake sukan fita aiki tare. Mutum biyu su je, ɗaya mai jin Turanci sosai, kuma wanda takardunsa suke cikakku. Kada a tura wanda shi ma zamansa ya ƙare. A Akra hedikwatar Hukumar Shige da Fice tana unguwar Ridge, a Kumasi akwai ofishinta na jihar Ashanti. Ku rubuta rana da sa'ar da aka kama shi, da wurin, da sunan jami'in da ke riƙe da fayil ɗin, da jerin abin da aka karɓa a hannunsa: waya, fasfo, kuɗi. Sa'ar kamun tana da muhimmanci ƙwarai, don daga ita ake fara lissafi.

Tsarin mulkin Gana na 1992 bai ware baƙo ba a haƙƙin wanda aka kama. Sashe na 14 ya ce duk wanda aka kama a gaya masa dalili nan take da harshen da yake ji, a kuma gaya masa yana da damar ɗaukar lauyan da yake so. In Hausa ko Zabarmanci kaɗai yake ji, ya nemi tafinta, kada ya dangwala yatsa a kan bayanin da ba a karanta masa ba. Mutane da yawa a nan suke rusa shari'arsu: sun gaji, an ce su sa hannu su tafi gida, daga baya a ga takardar tana cewa sun yarda ta ɓarauniyar hanya suka shigo. Idan zargin laifi ake yi masa, dole a kai shi kotu cikin awa 48 ko a sake shi, kuma a 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafin. Wanda aka kama ranar Juma'a bayan masallaci ba hujja ba ce a ce sai Litinin. Amma ku lura, sashen nan ya kuma halatta tsare mutum domin a fitar da shi daga ƙasa, wannan kuma wani dalili ne dabam. Shi ya sa tambayar da za ku yi wa jami'i ita ce: tuhumarsa za a yi a kotu, ko shirin mayar da shi gida ake yi? In tsarewar ta ja ba tuhuma, ba takardar umarni, lauya na iya zuwa Babbar Kotu ya nemi a tilasta wa masu riƙe da shi su kawo shi su faɗi hujjarsu. Wanda ba shi da ƙarfin lauya ya je Hukumar Taimakon Shari'a ta gwamnati, ko ya kai ƙara CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan adam. Dukansu suna da ofis a Akra da Kumasi.

Daga nan sai babbar tambaya, wadda ta fi shafar mutanen Zango: shin shi baƙo ne ma tukuna? Ba a korar ɗan ƙasa. Amma sunan Hausa da doguwar riga sukan sa a ɗauki haifaffen Nima ko Aboabo a matsayin baƙo, shi kuma ya dage da cewa ai nan aka yanke masa cibiya. Wannan magana ba ta wadatar a gaban doka. A Gana haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta ba da ɗan ƙasanci. Ga wanda aka haifa bayan tsarin mulkin 1992 ya fara aiki, sai in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne. Kaka ɗaya ta isa, ko ta wajen uwa ce. Kuma a 2020 Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa ba ta tabbatar da ɗan ƙasanci. Saboda haka ku haɗa abin da ke nuna asali: Ghana Card ɗinsa, wato katin shaidar ɗan ƙasa, fasfo na Gana in akwai, katin uwa ko uba, tsohon fasfon kaka, takardar zama ɗan ƙasa in kakan ya nema aka ba shi, sannan takardar haihuwa don ta nuna alaƙar da ke tsakaninsu. Ku kai kwafi, ku riƙe na asali a hannu don a gani a mayar muku. Inda aka fi samun cikas shi ne saɓanin suna: Muhammadu a wannan takarda, Mohammed a waccan, Mamman a ta makaranta, ko shekarar haihuwa da aka rage don neman aiki. Irin wannan a yi masa rantsuwar kotu tun ana zaune lafiya, ba a fafe gora ranar tafiya.

In kuwa baƙo ne da gaske, dokar da za a bi ita ce Dokar Shige da Fice ta 2000, wadda ake kira Act 573. Sashe na 35 ya lissafa wanda za a iya kora: wanda kotu ta ba da shawarar a kore shi bayan ta same shi da laifi, wanda kotu ta gano ba shi da abin dogaro na rayuwa, wanda tun farko yana cikin waɗanda aka hana shigowa, wanda ba shi da izinin zama mai aiki ko ya karya sharaɗin izininsa, da wanda Ministan Cikin Gida yake ganin zamansa ba alheri ba ne ga jama'a. Umarnin kora Minista ne ke bayarwa a rubuce. Ku nemi ganin takardar da aka dogara da ita, lauya ya karanta.

Mafi yawan mutanenmu a kan izinin zama suke faɗawa, kuma dalilin guda ne: an ɗauka ECOWAS ta ba kowa damar zama yadda ya so. Yarjejeniyar 1979 kwana 90 ta bayar ba tare da biza ba, da sharaɗin mutum yana da takardar tafiya mai aiki da katin rigakafi, ya kuma shigo ta ƙofar da aka sani, kamar Aflao ko Paga ko Elubo, a buga masa hatimi. Direba ya ce ku kawo fasfo da ɗan kuɗi zai wuce da ku, kun tsallake boda ba hatimi, to a idon doka ba ku da ranar shiga, ba abin da za ku nuna. Wanda zai wuce kwana 90 ya nemi ƙarin lokaci ko izinin zama kafin wa'adi ya cika, ya kuma yi katin baƙi na Hukumar Katin Shaida, wanda ake nema wajen neman izinin. Izinin zama kuma ba izinin aiki ba ne. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan Gana sayarwa a kasuwa da talla da ƙaramin shago da aski, abin da ya sha jawo rufe shagunan 'yan Najeriya a Suame Magazine da ke Kumasi da Circle da ke Akra. 'Yan Nijar da Mali da Burkina Faso su ƙara kula, tun da ƙasashensu sun fita daga ECOWAS a Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu har sai an ba da wata sanarwa, amma sanarwa ce, ana iya janye ta.

Wanda kawai kwanakinsa ne suka wuce, yana da fasfo da hatimin shiga, sau da yawa tara ake ci a gyara masa ko a ba shi lokaci ya fita da ƙafarsa. A biya a wurin biya na hukuma, a karɓi rasit mai sunansa. Kada a miƙa ko sidi ɗaya ga 'yan tsakiyar da ke tsaye a bakin ƙofa suna cewa sun san manya. Hatimin da irinsu ke kawowa in ya zama na jabu, laifin da tara za ta kashe ya koma na kurkuku. Mai tsaya wa mutum a beli kuma ya san nauyin da ya ɗauka: a nemi ɗan Gana mai tabbataccen adireshi, maigida ko limami ko wakilin Sarkin Zango, wanda ya yarda cewa in mutumin ya gudu shi za a riƙe. Maigidan da ke saukar da baƙi shi ma ya duba takardunsu, don ɓoye wanda ba shi da izinin zama laifi ne a dokar.

A sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa tun ranar farko. Haƙƙinsa ne a ƙarƙashin yarjejeniyar Vienna ta 1963 in ya nema, kuma su ne ke ba da takardar tafiya ta gaggawa ga wanda ba shi da fasfo. Rashinta na daga cikin abin da ke sa mutum ya daɗe a tsare ana jira. Sai dai wanda ya gudo daga yaƙi ko barazana ga ransa, wannan hanyarsa dabam: ya faɗa wa jami'i a fili cewa mafaka yake nema, a tuntuɓi Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Gana. Dokar 'yan gudun hijira ta 1992 ta hana mayar da irinsa inda zai halaka.

In ta tabbata tafiya za a yi, ku yi amfani da sauran lokacin wajen dukiya da yara. Ya ba wani amintacce wakilci a rubuce gaban lauya kan shago da bashi da asusun banki da kuɗin da ke cikin waya, don doka ta yarda a taɓa dukiyar wanda aka kora a biya kuɗin tafiyarsa. Matar aure da 'ya'yan da uwarsu 'yar Gana ce a fito da takardunsu a nuna, kada a haɗa su a mota ɗaya bisa kuskure. Sannan ku ja masa kunne kan dawowa ta daji. Muddin umarnin kora na aiki, sake shigowa laifi ne mai kai mutum kurkuku har shekara 5. Aisha Huang, 'yar Sin da aka fitar a Disamban 2018, ta dawo, aka kama ta a Kumasi a Satumban 2022, kuma a Disamban 2023 Babbar Kotu a Akra ta ɗaure ta shekara huɗu da rabi kan haƙar zinariya ba izini da sake shigowa. Wanda yake da iyali ko dukiya a Gana kuma yana son dawowa, lauyansa ya rubuta wa Ministan Cikin Gida yana neman a janye umarnin, ya jira amsa a rubuce kafin ya yanki tikitin mota.