Yadda Ake Gina Ƙungiya a Ƙwallon Amurka: Zaɓen Matasa Ko Ɗaukar Gogaggu?

Wanda ya saba da ƙwallon Turai, idan ya fara bin gasar NFL ta Amurka, kafin dokokin fili su ɗaure masa kai, yadda ake samun 'yan wasa ne zai fara rikita shi. A Turai mai kuɗi ke da kasuwa. A NFL kuwa ƙungiyoyi 32 ne, kowacce an yanka mata adadin kuɗin da ba za ta wuce ba wajen biyan 'yan wasanta, kuma babu zancen a zuba wa wata ƙungiya miliyoyi a ɗauke mata gwani. In ciniki ya kama, musaya ake yi. Manyan ƙofofin shigowar ɗan wasa biyu ne. Akwai daraf, wato zaɓen matasan da suka fito daga jami'o'i, wanda ake yi a ƙarshen Afrilu. Akwai kuma kasuwar 'yantattu, wato 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare, wadda ke buɗewa a tsakiyar Maris. A ce yau an naɗa ka janar manaja, wato mai alhakin ɗauka da sallamar 'yan wasan ƙungiya, ga yadda aikin yake tafiya.

Mataki na farko: ka san abin da ke aljihunka

Ƙa'idar iyakar albashi ta fara aiki a 1994, a kan dala miliyan 34.6 ga kowace ƙungiya. A 2024 ta kai miliyan 255.4, a 2025 kuma miliyan 279.2. Kuɗin da yawa a ido, amma mutum 53 za ka raba wa. Duk dalar da ka ba wani, ka hana wani ne. Saboda haka kafin ka yi sha'awar kowa, ɗauko takardun kwantiragi ka ga nawa aka riga aka ci daga kuɗin bana da na baɗi, wa zai tafi, wa za a iya sallama ba tare da asara ba.

Mataki na biyu: ka amsa tambayar kwatabak

Kwatabak shi ne mai jefa ƙwallo, shi ne direban motar, kuma a kansa duk lissafin ya rataya. Ƙungiya tana cikin ɗayan hali uku: ko ba ta da shi, ko tana da matashi gwani mai arahar albashi, ko tana da gwani wanda ya riga ya fara cin kaso mai tsoka. Kowane hali da irin cefanensa.

Abin da ya sa matashin yake da araha shi ne yarjejeniyar 2011 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, wadda ta ƙayyade albashin sabbin shiga. Dubi bambancin. Sam Bradford, wanda aka fara zaɓa a 2010, ya sa hannu a kan dala miliyan 78 na shekara shida tun bai taka fili ba. Cam Newton, wanda aka fara zaɓa shekara ɗaya kacal bayansa, miliyan 22 ya samu na shekara huɗu. Tun daga nan duk wanda aka zaɓa a daraf kwantiragin shekara huɗu ake ba shi, wanda aka zaɓa a zagayen farko kuma (zagaye-zagaye ake yin zaɓen) ƙungiya tana da ikon ƙara masa shekara ta biyar.

Waɗannan shekarun su ne kakar janar manaja. Seattle Seahawks ta ɗauki Russell Wilson a zagaye na uku a 2012, albashinsa bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba, sai rarar ta tafi wajen ƙarfafa sauran gurabe. A Fabrairun 2014 suka lallasa Denver Broncos da ci 43 da 8 a Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin gasar. San Francisco 49ers ma ta je wasan ƙarshe a Fabrairun 2024 da Brock Purdy, yaron da aka zaɓa a lamba ta 262 a 2022, na ƙarshe ƙwal a daraf ɗin. Idan kana da irin wannan yaro, lokacin buɗe aljihu ke nan, domin ranar biyansa tana tafe. Idan kuwa ba ka da kwatabak, kashe kuɗi a kasuwa kamar yi wa gidan da babu rufi fenti ne.

Mataki na uku: tara damar zaɓe

Daraf ya faro ne tun 1936, kuma zagaye bakwai ake yi a yanzu. Ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita ke fara zaɓa, zakara ita ce ta ƙarshe. Kafin ranar, masu farautar 'yan wasa sun shafe watanni suna yawo jami'a zuwa jami'a, sannan a tara matasan a Indianapolis a auna su: gudun yadi 40, tsalle, ɗaga ƙarfe, binciken likita, hira ido da ido.

Duk da wannan wahala, daraf cinikin kifi a ruwa ne. JaMarcus Russell shi aka fara zaɓa a 2007, shekara uku ya yi aka sallame shi. Tom Brady kuwa sai da aka kira sunan mutum 198 kafin a zo kansa a 2000, ya je ya ci Super Bowl bakwai. Ni a ganina darasin a fili yake: tunda ba wanda idonsa ya fi ƙarfin kuskure, wanda ya fi yawan jefa ƙugiya shi zai fi kama kifi. Shi ya sa manajojin da suka san kan aiki suke yarda su ja baya daga lamba mai daraja, su karɓi damar zaɓe biyu ko uku a madadinta. Dallas Cowboys ta yi irin wannan a 1989 lokacin da ta miƙa tauraronta Herschel Walker ga Minnesota Vikings, ta karɓi tarin damar zaɓe. Magoya baya sun yi ta ƙorafi. Da waɗannan damammaki aka gina wani ɓangare na ƙungiyar da ta ɗauki kofi sau uku a kakannin 1992, 1993 da 1995.

Wuri ɗaya ne na yarda a karya wannan doka, wato idan kwatabak ake nema. A 2017 Kansas City Chiefs tana lamba ta 27, ta ba Buffalo Bills wannan lambar, da zaɓen zagaye na uku, da zaɓenta na zagayen farko na 2018, ta hau lamba ta 10 ta ɗauki Patrick Mahomes. Ba wanda ya ƙara tambayar nawa aka biya.

Akwai kuma wata garaɓasa da sababbin masu kallo ba su cika lura da ita ba. Idan ƙungiya ta rasa 'yantattu masu daraja fiye da waɗanda ta ɗauka, hukumar gasar tana ba ta zaɓen diyya a ƙarshen zagaye na uku zuwa na bakwai a shekara mai zuwa. Baltimore Ravens ta daɗe tana cin wannan moriya: ta raini yaro, ya yi tsada, ta bar wani ya biya shi, ta karɓi diyya ta ɗauko wani yaron.

Mataki na huɗu: fara da na gida

Kafin kasuwa ta buɗe, zauna ka ware naka waɗanda za ka riƙe. Ɗan wasan da ya cika shekara huɗu a gasar, kwantiraginsa kuma ya ƙare, yana da 'yancin zuwa inda ya ga dama. Mai shekara uku 'yancinsa da sharaɗi, domin ƙungiyarsa na iya daidaita tayin da aka yi masa ta riƙe shi. Akwai kuma tambarin riƙo, wanda ƙungiya za ta iya ɗora wa mutum ɗaya a shekara, ta biya shi albashin manyan masu buga gurbinsa na shekara guda.

Na gida ka san gwiwarsa, ka san halinsa, ka san ko yana zuwa atisaye a kan lokaci. Na waje faifan bidiyonsa kawai ka gani. Amma riƙon ma da iyaka. Bayan Mahomes ya sa hannu a kan dala miliyan 450 na shekara goma a 2020, kuɗin Kansas City ba zai ishi kowa ba. A Maris 2022 suka miƙa Tyreek Hill, ɗan wasansu mafi gudu, ga Miami Dolphins a kan damar zaɓe biyar. Suka cika gurabe da sabbin yara masu araha, irin su Trent McDuffie da Isiah Pacheco wanda aka tsinto a zagaye na bakwai, suka ci kofi a Fabrairun 2023, suka maimaita a 2024.

Mataki na biyar: shiga kasuwa da jerin cefane a hannu

Tambayar da za ka riƙa yi wa kanka game da kowane 'yantacce ita ce: in yana da kyau haka, me ya sa masu shi suka bar shi? Sau da yawa amsar shekaru ce, ko rauni, ko kuma tsarin wasan tsohuwar ƙungiyarsa ne ya rufa masa asiri. Kwanakin farko na kasuwa su ne na hauka, inda ake biyan mai matsakaicin ƙwazo kuɗin gwani saboda ƙungiyoyi biyar suna rububinsa. Ƙungiyar Washington ta ba Albert Haynesworth dala miliyan 100 na shekara bakwai a 2009, shekara biyu ya yi musu. Philadelphia Eagles ta kwaso taurari a 2011, ciki har da Nnamdi Asomugha, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, har aka riƙa kiranta ƙungiyar mafarki. Ta ƙare kakar da cin wasa takwas, an cinye ta takwas.

Wannan ba ya nufin a ƙaurace wa kasuwa. Shekarar da aka fara wannan tsari na kasuwar 'yantattu, 1993, Reggie White ya koma Green Bay Packers a kan dala miliyan 17, kuma da shi suka ɗauki kofi a Janairun 1997. Drew Brees ya je New Orleans Saints a 2006 da kafaɗar da aka yi wa tiyata, ya kawo musu kofinsu na farko a 2010. Brady ya koma Tampa Bay Buccaneers a 2020 ya ci kofi a shekarar farko, amma a tuna cewa ya tarar da ƙungiyar da aka riga aka gina, direba kawai take jira. Da tsohuwar zuma ake magani, in dai an san ciwon.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Philadelphia a 2024, kamar sun koyi hankali daga abin da ya faru shekara goma sha uku baya. Ginshiƙan ƙungiyar nasu ne na daraf: Jalen Hurts daga zagaye na biyu a 2020, Jalen Carter, har da Jordan Mailata, ɗan Ostireliya mai wasan rugby da suka ɗauka a zagaye na bakwai tun bai taɓa buga wannan wasa ba. Sai suka shiga kasuwa suka ɗauko Saquon Barkley, ya yi gudun yadi 2,005 ɗauke da ƙwallo a kakar. Suka ɗauko Zack Baun a kan kwantiragin shekara ɗaya mai araha, ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu tsaron baya a gasar. A Fabrairun 2025 suka doke Kansas City da ci 40 da 22.

Ka kuma lura da kalanda. Kasuwa tana riga daraf da kusan mako shida. Amfaninta shi ne ka toshe manyan ramuka a Maris da mutane masu sauƙin kuɗi, don kada ranar daraf ta zo buƙata ta tilasta maka ɗaukar yaro na biyu alhali na ɗaya yana zaune.

Mataki na shida: karanta ƙananan rubutun kwantiragi

Adadin da jaridu ke bugawa ado ne. Abin dubawa shi ne kuɗin da aka lamunce, wanda sai an biya ko ɗan wasa ya yi amfani ko bai yi ba. Ga yadda tarkon yake. A ce ka ba mutum kwantiragin shekara biyar da kuɗin sa hannu dala miliyan 50. Ya karɓe su nan take, amma a littafin lissafi ana raba su miliyan goma-goma a shekara biyar. Daɗi ke nan a farko. Idan ka sallame shi bayan shekara biyu, ragowar miliyan 30 za su faɗo maka a ka, kana lissafa albashin mutumin da yake buga wa wata ƙungiya. Mataccen kuɗi ake ce masa. Denver ta ɗauki dala miliyan 85 na irin wannan lokacin da ta rabu da Russell Wilson a 2024, wannan dai Wilson ɗin da araharsa ta gina Seattle.

Mataki na bakwai: waya da almakashi

Ana kiran sunan ƙarshe a zagaye na bakwai, wani aikin ya fara. Kowa a ɗakin ya ɗauki waya, koci da mataimakansa da masu farauta, ana kiran yaran da ba a zaɓa ba, ana lallashi, domin yanzu yaron ne ke da zaɓi kuma wayarsa ta biyu tana ƙara. Ta wannan ƙofa Kurt Warner da Tony Romo da Antonio Gates suka shigo.

Da mutum 90 za ka shiga sansanin atisaye a ƙarshen Yuli. Ƙarshen Agusta sai an rage su zuwa 53. Al'adar gasar ita ce a aiki wani ƙaramin ma'aikaci ya tari ɗan wasa da safe ya ce masa koci na son ganinsa, ya taho da kundin dabarun wasa. Duk wanda ya ji an ce ya taho da kundin, ya san ya tattara kayansa. A nan ne son zuciya ke kama manaja, ya riƙe wanda ya zaɓa a zagaye na biyu don kada a ce ya yi kuskure, ya saki yaron da ba a zaɓa ba wanda ya fi shi taka rawa. In ka saki yaron, sauran ƙungiyoyi 31 suna da damar ɗauke shi kafin washegari. Idan ba wanda ya taya, sai ka mayar da shi cikin 'yan ajiya 16 da ake atisaye da su. Kafin a gama wannan rigima an fara wasannin jami'o'i, masu farautarka kuma sun riga sun kama hanya da littattafansu, suna duba yaran Afrilu mai zuwa.