Yadda za ku zaɓi ƙaramar mota mai kuzari a matsayin mota ta biyu idan kuna da ƙananan yara

Mota ta biyu a gida ba ta daɗewa tana amsa wannan sunan. Ranar da babbar ta kwana a gareji, ko ɗayanku ya yi tafiya da ita, ƙaramar ce za ta kai yara makaranta, ta kai jariri asibiti, ta kwaso sayayya. Saboda haka idan ranku yana son mota mai daɗin tuƙi, ku zaɓi wadda za ta iya riƙe gidan ita kaɗai na mako guda ba tare da kowa ya ƙosa ba.

Motar da ake nufi ita ce hacbak, mai guntun baya, wadda murfin but ɗinta ke ɗagawa tare da gilashin baya, kujerun baya kuma suna kwanciya. Masu kuzari daga cikinsu sun yi suna tun da Volkswagen ya fara sayar da Golf GTI a 1976: inji lita 1.6, ƙarfin doki 110, a jikin motar da nauyinta bai kai kilo 900 ba. Dabarar har yau ba ta canza ba. A ɗauki motar gida ta yau da kullum, a ƙara mata ƙarfi, a gyara birki da sitiyari, a bar mata amfaninta.

Da farko, ku yanke wanda zai riƙa tuƙa ta

Wannan kaɗai yana rage jerin da rabi. Honda Civic Type R da Ford Fiesta ST da giyar hannu kawai suka zo. Idan a cikinku akwai wanda ba ya jituwa da kuloci, to sun fita, komai kyansu. Golf GTI ana samunta da giyar DSG mai canza kanta, haka Hyundai i30 N ta samu irin wannan giyar daga baya. Motar da mutum ɗaya ne kawai ke iya fita da ita abin wasansa ce, ba motar iyali ba.

Sannan ku tafi da kujerar yaronku

Nan ne ya kamata ku fi ɓata lokaci, kuma nan ne mutane suka fi yin gaggawa. Kada ku je duba mota da hannu biyu. Ku ciro ainihin kujerar da yaron ke zama a kai, ku ɗaura ta a motar da kuke so.

Ƙofa biyar za ku nema. Toyota GR Yaris mota ce da masana tuƙi ke yabo tun da ta fito a 2020, amma ƙofa uku gare ta, kuma rufinta yana gangarawa ta baya. Ku kwatanta kanku riƙe da jariri mai barci: sai kun ture kujerar gaba, kun sunkuya, kun sa ƙafa ɗaya ciki, kun karkace ƙugu kuna lalubar maƙalin bel, kan yaron kuma yana dab da bakin rufi. Sau ɗaya abin dariya ne. Safe da yamma na shekara uku, ciwon baya ne. Ku kuma ƙirga mazaunin baya, domin Civic Type R ta 2017 zuwa gaba mutum biyu kawai take ɗauka a baya duk da girmanta.

Ku laluba tsakanin mazauni da majingina ku nemo ƙarafan ISOFIX guda biyu da ake maƙala kujerar yaro a jikinsu, waɗanda a Amurka ake kira LATCH, sannan ku nemo maƙalin igiyar sama a bayan kujerar. A wasu motocin ƙarafan suna bayyane, kujera na shiga ku ji ƙas. A wasu kuwa sun nutse cikin soso, sai kun yi kokawa.

Babban gwajin shi ne kujerar da ke kallon baya. Ƙa'idar i-Size ta Turai ta ce yaro ya zauna yana kallon baya har ya kai aƙalla wata 15, kuma irin wannan kujerar tana cin wuri sosai. Motoci masu kuzari kuwa kujerunsu na gaba masu kauri ne, da fikafikai a gefe don su riƙe mutum a kwana. Ku ɗaura kujerar yaron, sannan wanda ya fi tsawo a cikinku ya zauna a gabanta. Idan gwiwarsa ta manne da dashbod, motar ta faɗi. Kada ku ce za ku warware matsalar da dawo da jariri gaba: ba a taɓa sa kujera mai kallon baya a gaban jakar iska da ke aiki.

But: lita ba ta faɗin komai da komai

Alƙaluma suna nuna hanya. Golf ta ƙarni na bakwai, wato samfuri na bakwai na motar, tana da but mai lita 380, amma Golf R ta wannan ƙarnin ta sauka zuwa 343 saboda na'urorin da ke juya tayoyin baya sun cinye ƙasan but ɗin. Suzuki Swift Sport tana da 265, GR Yaris 174 kacal. A can sama akwai Skoda Octavia vRS da lita 590 a ƙarninta na uku, kuma injinta ɗaya da na Golf GTI, sai dai ta fi tsawo. Amma keken jariri bai san lita ba. Ku naɗe naku ku saka, ku ga ko murfin zai rufe, ku ga abin da ya rage na jaka biyu. Kafin ku rufe, ku ɗaga shimfiɗar ƙasa: da yawa daga cikin motocin nan ba su da tayar ko-ta-kwana, sai gwangwanin liƙe huji da ɗan famfo.

Yanzu sai daɗin tuƙin

A ganina, ƙarfin doki shi ne abin da aka fi zuzutawa kuma aka fi ƙarancin amfani da shi. Mota mai doki 320 irin Civic Type R kafin ta fara nuna halinta kun riga kun wuce ƙa'idar gudu. Swift Sport ta 2018 doki 140 gare ta, amma nauyinta bai kai tan ɗaya ba, shi ya sa ko a shataletale da ƙananan kwanoni za ku ji tana amsa hannu. Tsakanin doki 140 da 250 akwai duk abin da uba ko uwa ke buƙata. Abin lura shi ne yadda sitiyari ke sanar da ku abin da tayoyin gaba ke yi, da yadda birki ke kamawa daidai gwargwadon takawa.

Ku durƙusa ku karanta lambar da ke gefen taya. Idan an rubuta 225/40 R18, lamba ta biyu tana nufin tsayin gefen tayar kashi 40 cikin ɗari ne na faɗinta, wato milimita 90. Taya 225/45 R17 tana da kusan 101. Civic Type R ta 2017 ta zo da 245/30 R20, gefen bai kai milimita 75 ba, kuma a wadda ta gaje ta Honda ya koma wili mai inci 19. Wannan 'yar robar ita ce ke tsakanin rami da ƙashin bayan yaranku, ita ce kuma ke kare wili daga lanƙwashewa. Idan mota ɗaya tana zuwa da wili iri biyu, ku ɗauki ƙaramin. Idan akwai shokabsoba mai sauyawa tsakanin laushi da tauri, kamar DCC a Golf, ta cancanci a neme ta fiye da kowane ado.

Ku gwada motar sau biyu. Na farko mutum ɗaya, a hanya mai kwana. Na biyu da kowa a ciki, a hanya mai gargada da tudun rage gudu, kuma ɗayanku ya zauna a baya kusa da yaro. Ku hau babban titi ku riƙe gudu ɗaya na minti goma, ku kashe rediyo. Salansar da ke burge mutum a wajen ajiye motoci kan koma gunjin da ke cika bayan mota, wanda direba ba ya ji kamar yadda na baya ke ji.

Tsaro da kuɗin riƙo

Ku duba sakamakon Euro NCAP, mai gwajin tsaron motoci a Turai, ko hukumar gwaji ta yankinku, musamman makin kare yara, ba yawan taurari kawai ba. Ku lura da shekarar gwajin, domin ana tsaurara shi lokaci bayan lokaci, tauraro biyar na 2012 ba ɗaya ba ne da na 2022.

Kuɗin saye ba shi ne ƙarshe ba. Ku tambayi kuɗin inshora kafin ku biya, ba bayan kun biya ba. Tayoyin irin waɗannan motoci suna saurin cinyewa, musamman na gaba, birkinsu ya fi tsada, da yawa kuma an tsara su ne don fetur mai babban oktan.

Idan ta hannu za ku saya

Wasu ma ba ku da zaɓi, domin Ford ya daina ƙera Fiesta a 2023. Ku sa a ranku cewa wanda ya sayi irin wannan motar sabuwa ba don ya riƙa lallaɓawa ya saye ta ba. Takardun sabis su ne shaidarku: lokutan canjin baƙin mai, da man giyar DSG mai hawa shida wanda ake canzawa duk kilomita 60,000. Ku tambaya kai tsaye ko an taɓa kwamfutar inji don ƙara ƙarfi, ko an rage tsayin motar, ko an canza salansa. Motar da ba a taɓa ba ta fi kwanciyar hankali, ta fi sauƙin inshora.

Ku roƙa kada a tada ta kafin ku iso, ku taɓa bonet ku tabbatar da sanyi yake, sannan ku saurari daƙiƙun farko bayan an murza makulli. Ƙarar kacar-kacar a lokacin na iya zama sarƙar inji. A Golf GTI da 'yan uwanta masu injin lita 2.0 mai turbo, ku duba ruwan sanyaya inji, don famfon ruwansu an san shi da yoyo. Idan giyar hannu ce, ku sa giya ta biyar a gudu kaɗan ku take totur: inji ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya kusa ƙarewa. Tayoyi huɗu su zama iri ɗaya, lambobi huɗun ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefen taya kuma suna nuna mako da shekarar ƙira, misali 2321 mako na 23 ne a 2021. Daga nan ku kai ta wurin makaniken da ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ya ɗaga ta sama, ya jona mata kwamfuta, kafin a yi maganar kuɗi.